Kanun labarin ya fi binciken zafi

Kun rubuta cewa tamfon, wato audugar da mata ke cusawa a farji lokacin al'ada, na jawo cutar endometiriyosis (inda tsoka irin ta shimfiɗar cikin mahaifa ke girma a wajen mahaifa), amma ina hujjar? Tsoron ya samo asali ne daga binciken 1993 kan birai da aka ciyar da gubar dayoksin na tsawon shekaru, ba kan mata masu amfani da tamfon ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ɗan ɓurɓushin dayoksin da ke cikin audugar bai kai ya cutar ba. Akasin haka ma, wani binciken jami'ar Yale a 2002 ya ga masu cutar sun fi ƙarancin amfani da tamfon. Shi ma ban ɗauke shi da zafi ba, domin wadda mara ke murɗa mata har ta kwanta a ƙasa, ita da kanta za ta guje wa tamfon. Ga masu cewa a daina amfani da tamfon kwata-kwata, haɗarin gaske shi ne barin sa a jiki ya wuce awa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kusan mata miliyan 190 ke fama da cutar, me ya sa har yanzu ake ce wa yarinya ta yi haƙuri, aure zai warkar da ita?