Don Allah a auna wuta kafin a sauke tanki

Abin da ya faru da motar ƙanina ne ya sa nake wannan maganar: an canza mata famfon mai, ba ta gyaru ba. Ni dai a wajena, bakaniken da zai sauke wa mutum tanki ya canza famfon mai alhali bai ɗora mita ya ga wutar da ke isa wajen famfon ba, wallahi ya cuce shi, ko da kuwa ba da gangan ba ne. Yaro ya ranto kuɗi ya sayo sabon famfo, an ɗaura, mota ta ɗan yi tafiya ta koma gidan jiya, ashe ɗan rile ɗin nan na cikin akwatin fis, wato makunnin da ke tura wa famfo wuta, shi ne ya ƙone daga ciki. An bar jaki ana dukan taiki.

Famfon mai fa da wuta yake aiki jama'a. Batir lafiyayye yana nuna kusan volt 12.6, in mota na tashe kuma ya kai 13.5 zuwa 14.5. To in 9 ko 10 ne kawai ke isa wajen famfo zai juya, amma a sanyaye, mai ba zai je injin da ƙarfi ba, sai ka ga mota tana shaƙewa in ka taka totur, a tudu ta riƙa fizga, in ta yi zafi ta mutu a tsakiyar titi, kuma sak waɗannan alamun ne famfon da ya gaji yake nunawa. Ido ba zai raba maka su ba, kunne ma haka. Mita ce kawai za ta raba.

Wani ya rubuto min wai ai rile ɗin yana yin ƙas in an murɗa makulli, don haka lafiyarsa ƙalau. Haba malam. Ƙafafun rile kowacce da lambarta, kuma wannan ƙarar abin da take nunawa shi ne ƙafa ta 85 da 86, masu jan makunnin ciki, suna aiki, shi ke nan. Wutar famfo ta ƙafa ta 30 take shiga ta fita ta 87, kuma bakin da ke haɗa su a ciki shi ne yake ƙonewa ya yi baƙi, ya riƙa cinye wutar a hanya. Awon ma in za a yi, a yi shi famfo na jone yana aiki. In ka zare soket ka auna za ka iya ganin 12 ɗinka cif, da an jona sai ta zube. Tsakanin batir da famfo in abin da ya ɓata ya wuce rabin volt to akwai matsala a hanya, ko rile, ko fis, ko wayar nagetif da ke ɗaure a jikin bodi ta yi tsatsa.

Kuma me zai ci maka? Murɗa makulli ba tare da ka yi kik ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, famfo ya kamata ya yi gurnani kamar sakan biyu. Ciro rilen hon in lambarsu ɗaya ka musanya ka gani. Masu tsofaffin Honda irin su Hala sun san wannan ciwon, babban rilensu na ƙarƙashin dashbod dalmarsa ke tsagewa, mota ta ƙi tashi da rana tsaka, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba.

Masu cewa ai wani lokacin famfon ne yake jan wuta da yawa har ya ƙona rile, na yarda, to ai shi ma awo ne zai nuna. Masu cewa sun shekara da shekaru a gareji, Allah ya ƙara albarka, amma daɗewa ba ta gaya wa mutum volt nawa ke cikin waya. Ku auna. Kuɗin mutane ne, wani abincin gidansa ya taɓa.

Sannan ku 'yan waya masu haɗa 30 da 87 da guntuwar waya ku sallami mutum a haka, ku ji tsoron Allah. Wannan na gwaji ne na ɗan lokaci. Kwamfutar mota ta rilen nan take kashe famfo in injin ya tsaya, in kun yi masa dairek aka yi hatsari tiyo ya fashe, famfo zai ci gaba da feso fetur ne da mutane a cikin motar.