Ambaliya tana yin sallama kafin ta shigo

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin Maiduguri. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, bai bar asibitin koyarwa na jami'a ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ruwan wannan madatsa ya taɓa cin garin a 1994. Shekara talatin cur muka samu, amma ranar da ruwa ya dawo, mutane da yawa ba su san ta ina za su bi ba, ba su san ina za su nufa ba.

Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Sai dai ba ƙaddara ce ke yanka fili a kan hanyar ruwa ta sayar wa talaka ba.

Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) da hukumar lura da ruwan koguna (NIHSA) suna fitar da hasashen damina, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ana karanta shi a Abuja, da Turanci, a ɗakin taro. Yaushe ya isa kunnen mai unguwa? Yaushe liman ya faɗe shi bayan sallar Juma'a? Mutanen Mokwa ta jihar Neja, inda ruwa ya hallaka fiye da mutum 150 a ƙarshen Mayun 2025, da wannan rashin suka kwana.

A unguwarmu akwai wata kwalbati da leda da yashi suka toshe. Da an yi ruwan awa ɗaya, sai ka ga mata suna kwalfe tsakar gida da bokiti, katifu a kan katanga. Duk wani yaro a layin ya san gidan da ruwa ke fara shiga. Wannan sanin shi ne taswirar da ake buƙata, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu.

Shi ya sa nake ganin aikin na ƙaramar hukuma ne. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, kafin ruwan farko ya sauka, shugaban ƙaramar hukuma ya zauna da dagatai da masu unguwanni da matasa, a yashe magudanai, a hana sabon gini a kwari, a ayyana makarantar da ke kan tudu wadda za a fake a cikinta.

Za a ce tayar da wanda ya riga ya gina a hanyar ruwa zalunci ne. Haka ne, idan aka rushe aka bar shi a titi. A ba shi wani fili da diyya tukuna, sannan a binciki jami'in da ya sa hannu a takardar filin farko.