Takardun En'e na ruɓewa a sito, mu kuma muna rigima kan iyakar gona

Bara rigimar iyakar gona ta kai ni sakatariyar wata ƙaramar hukuma, ina neman tsohon littafin alƙali da dattawa suka ce an rubuta hukuncin a ciki tun zamanin kakanninmu. Aka buɗe mini wani sito. Buhunan takardu ne jibge a ƙasa, rufin yana yoyo, gara ta yi gini a kansu. Na ɗaga wani littafi, rabinsa ya zube a hannuna kamar garin tuwo. Ban samu abin da na je nema ba, har yau kuma abin yana ci mini rai.

In aka ce tarihi, hankalinmu kan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Wannan kam yana da masu kula da shi. Akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. A Yamai ma rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya tattara suna nan a cibiyar bincike. Amma tarihin talaka fa? Yana cikin rasit ɗin haraji da jangali, da littafin alƙali, da wasiƙar dagaci zuwa ga hakimi. A nan ake ganin shekarar da fara ta cinye hatsi, da sunan wanda ya sari daji ya kafa unguwa, da inda burtali ya bi kafin a nome shi. Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka rushe tsarin En'e, wato tsohuwar hukumar gargajiya da sarakuna ke gudanarwa, yawancin irin waɗannan takardu suka zama marayu. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya huta, amma littattafan harajin sai aka ɗauke su a matsayin shara, alhali su ne ƙidayar mutanen kowane ƙauye, gida-gida.

Wani zai ce ai takardun Turawa ne, an rubuta su don tatsar talaka. Gaskiya ne. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi, waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, cike suke da son zuciya, sau da yawa ma ta bakin tafinta aka ji labarin. Sai dai shaidar da ke da aibi ana iya tantance ta, a gwada ta da abin da tsofaffi suka riƙe a ka da abin da malamai suka rubuta a kundinsu. Wadda gara ta cinye kuwa ba mai sake yi mata tambaya.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kanta ta ƙarfe, ɗaki marar yoyo, maganin gara, da ma'aikaci ɗaya da ya san darajar abin da yake gadi. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu, maimakon a riƙa maimaita bincike kan masarauta ɗaya, a tura kowa gundumarsu ya ɗauki hoton kowane shafi, ya rubuta jerin abin da ke ciki da Hausa, yadda manomi zai iya nema ya samu. Masarautu su sa baki, domin hakimai da dagatai sun san gidajen da tsofaffin akwatuna suke. Kwafi ɗaya ya tafi Kaduna, ɗaya ya zauna a garin. Ba na son a kwashe asalin takardun a kai birni, mai su ya koma sai ya biya kuɗin mota kafin ya ga sunan kakansa.

Damina na tafe, rufin siton nan kuma ban ji an gyara shi ba.