The Sims 4: shiga kyauta, zama da kuɗi

Masu tambayata ko The Sims 4 ya cancanci a ƙona masa data, ga amsa a fili: ku sauke ku buga, amma ku dafe aljihu.

Wasan kwamfuta ne na kwaikwayon rayuwa, kuma tun Oktoban 2022 kamfanin EA mai wasan ya mayar da asalinsa kyauta. Kai za ka ƙera mutum, ka nema masa aiki, ka yi masa aure, ya hayayyafa, ya tsufa. Ni dai gini ne ya kama ni. Mutum yana zaune a ɗaki ɗaya a Agege, da asuba ana layin banɗaki, amma cikin dare ya tayar da bene mai falo biyu, babu ejan, babu omo onile masu tatsar kuɗi da sunan su ne 'yan ƙasa masu fili. Ka ja bango da linzamin kwamfuta, tayil ɗin bai yi maka ba ka sauya, ka matsar da taga. Kafin ka ankara an kira assalatu. A 2019 sun ƙara hijabi da hula, saboda haka Hajiyar gidan tana fita da shigarta ta mutunci.

Bayan ɗoki ya lafa ne za ka lura garin nan kullum rana. Ba damina, ba sanyi. Kana son ruwan sama? Sai ka sayi Seasons, ƙarin kunshi da ake ɗorawa kan wasan. Ruwan sama fa, jama'a, wanda ke cika mana kwata a Idi-Araba ba ko sisi! Mage da kare suna cikin Cats & Dogs, jami'a tana cikin Discover University. Kowanne dala 40, wato sama da naira 50,000, a jihar Legas da aka sa mafi ƙarancin albashi 85,000 a 2024. Wanda ya ce sai ya tara dukkansu, lissafinsa ya haura dala 1,000, a kan wasan da ya fito tun 2014.

For Rent na 2023 shi ya fi ba ni dariya: ka biya dala don ka zama mai gida, kana karɓar haya. Duk ɗan Legas ya san wannan darasin, sai dai daga ɗaya ɓangaren ya koya.

Na san masu zane da masu haɗa wasan ba sadaka suke yi ba, dole a biya su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire yanayi da dabbobin gida, abubuwan da kowace rayuwa ke da su, a ce ƙari ne.

In har za ka sayi ɗaya, Seasons ne, domin yana taɓa kowace rana ta wasan. Shi ma ka jira lokacin rangwame, sukan karya shi zuwa rabi. Kayan ɗaki da suturu kuwa, masu sha'awar wasan suna ƙera su suna rabawa kyauta a intanet. Kawai ka sani, duk sanda EA ta sabunta wasan wasunsu kan daina aiki, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sake saukewa.