Kafin a raba yara gida-gida, a fara dubo ajin

Akwai wani labari da ke cewa ya kamata malami ya gano yaron da ke fahimta da gani, da mai ji, da mai taɓawa, ya koyar da kowa ta hanyarsa. Ban gamsu ba. Masana a Amurka sun bi diddigin wannan ra'ayi a 2008, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa raba yara haka na ƙara musu fahimta ba. Ku duba makarantar allo: almajiri shi zai rubuta da tawada, ya kalli rubutunsa, ya ji biyawar malam, ya maimaita da ƙarfi har ya haddace, duk a zama ɗaya. Ni ma a firamarenmu ta wajen Ringim da ƙwallon goruba da tsinken kara nake koyar da lissafi, kuma kowa na amfana. Wata malama ta ce rashin fahimtar yara laifin malamai ne. Malama, Allah ya ba ki haƙuri, tsarin ilimi na ƙasa yara 35 ya tanadar wa malami ɗaya, mu kuwa aji cike yake maƙil, wasu a ƙasa. Yarinyar da ke can baya ba ta hango allo, wa zai gwada mata ido?