Ka Ce Ƙaddara Ce, To Ka Ciji Waken?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Shekarar da na fara ajiyar hatsi, na sayi wake buhu 20 a kasuwar Tudun Hatsi da kaka, na jibge a ɗaki na kulle, ina jiran bazara ya yi kuɗi. Ranar da na buɗe, tun daga bakin ƙofa ɗumi da wari suka tarbe ni. Na cusa hannu cikin buhu, na fito da gari da ƙwari, kowace ƙwaya da hudarta. Rabin jarin nan na ƙanwata ne.

Wata guda na yi ina cewa haka Allah Ya so, a zuci kuwa bakin mutane nake zargi. Wani dattijo da ya tsufa a harkar ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ƙaddara gaskiya ce. Amma ka ciji waken kafin ka saya? A wane irin buhu ka zuba shi?" Ban ciza ba. Waken bai gama bushewa ba, buhun kuma iska na shiga tana fita yadda ta ga dama.

Tambayar ta yi mini zafi, sai da na koma kan ayoyin Uhudu zuciyata ta sauko. A shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, ya ce kada su bar wurin ko me suka gani. Da mushirikai suka juya da gudu, yawancin maharban suka sauko ɗibar ganima. Khalid bin Walid, lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya. Sahabbai 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, aka ji wa Annabi (SAW) rauni a fuska.

Da Musulmi suka ce, daga ina wannan ya same mu, amsar da ta sauka a Ali Imran aya ta 165 ita ce: ka ce daga kanku ne. Ayar da ke biye da ita kuma ta ce abin da ya same ku ranar, da izinin Allah ne. Ayoyi biyu, maƙwabtan juna. Mu kuwa mun rungume ta biyun mun bar ta farkon, domin ta farkon tana sa mutum ya zauna ya binciki kansa. Idan mafifitan al'umma aka nuna musu daidai inda suka kuskure, ni da kai wa ya ɗauke mana?

Iyaye, ku ma da ku nake. Yaro ya faɗi JAMB ko WAEC, sai gida ya zame masa kotu, a yi ta gori da ɗan maƙwabta. Ku duba aya ta 159: bayan duk abin da ya faru, Allah Ya umarci AnnabinSa ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su. Ba a daina yarda da su ba. Ku zauna da yaron ku gano wane darasi ne ya kayar da shi, lissafi ne ko Turanci, rashin saba kwamfuta ne ko waya ce ta cinye dare. Annabi (SAW) ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, to wanda bai san inda ramin yake ba fa?

Kuɗin ƙanwata na biya kaɗan-kaɗan, Allah Ya saka mata da haƙurinta. Bana buhu 8 na iya saya. Na ƙara shanya shi kwana biyu a kan tamfal, na ciji ƙwaya na ji ta yi ƙas, sannan na zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, na matse iskar na ɗaure kowace leda daban, na yi bismillah na ja ƙofa.