Ku Daina Raina Mana Hankali da Zancen Taf

Wata huɗu ke nan, rana na faɗuwa sai kwan fitilar ɗakina ya koma ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyi da ƙyar, firiji ya yi ta gurnani ya kasa tashi. Ni da kaina na soka mita a soket: bolt 165. Wutar da ya kamata ta zo 230 zuwa 240!

Duk ranar da muka kai kuka ofishin masu wuta, amsar ɗaya ce: "Alhaji, a yi haƙuri, za mu ɗaga taf." Haba jama'a! Sun ɗauka ba mu san mene ne taf ɗin ba?

To mun sani. Wani makunni ne a jikin taransifoma, yawanci mai matsayi 5, wanda ke ƙara ko rage yawan naɗin wayar da ke aiki a ɓangaren da bolt 11,000 ke shigowa. Matsayi na 3 shi ne tsakiya. Kowane taki kashi 2.5 cikin ɗari ne, ƙarshensa kashi 5. Ku lissafa, kusan bolt 12 ke nan a kan 240. Wanda aka ci wa bolt 70, me 12 za ta tsinana masa? Kuma ba a murɗa shi sai an kashe taransifomar gaba ɗaya, wato mu wuni a duhu saboda abin da bai taka kara ya karya ba.

An yi taf ne don gyara ɗan bambancin wutar da ke shigowa daga babban layi. Ciwonmu daban ne. Farantin da ke jikin taransifomarmu ya ce 300 kVA, wato abin da take iya ɗauka bai wuce amfiya 417 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) a kowane layi cikin layuka ukun da ke fitowa daga cikinta ba. Tun da aka kafa ta gidaje sai ƙaruwa suke, ga masu walda, ga injinan niƙa, an kuma jibga yawancinmu a layi ɗaya. Wayar siririya ce, ga nisa, ga ƙulle-ƙulle, wutar tana ƙarewa a hanya kafin ta iso mu na ƙarshe. Je ka tsaya kusa da taransifomar da daddare ka ji kukanta, ka ga mai yana tsiyaya.

Makon jiya dai masu wutar sun zo sun murɗa taf ɗin har ƙarshe. Ni na tashi daga 165 zuwa 173, firijina na nan yadda yake. Maƙwabtanmu da ke gindin taransifomar kuwa, can tsakar dare da kowa ya kashe kayansa wuta ta haura musu, wata baiwar Allah ta wayi gari talabijin ɗinta ya ƙone.

Masu wuta, ku zo da ƙarfe 8 na dare ku auna kowane layi a gabanmu, ku raba kayan daidai, ku canza wayar nan, ku kawo taransifoma ta biyu. Takardar kuɗin wuta dai ba ta taɓa zuwa mana da rauni ba, jiya ma na tsince ta a ƙarƙashin ƙofa, da tocila na karanta ta.